Wa Ke Taɓa Autar Gwaggo?

Wani ne ya dawo gida bayan shekara tara a ƙasar waje. Ranar da zai tafi cewa ya yi wata shida kawai zai yi, kada ma a taɓa masa ɗaki. Ya dawo da akwati ɗaya, da wata doguwar kwat ta sanyi da ba ta da ranar sawa a garin, da kwali cike maƙil da littattafan binciken kisan kai. A can ɗin gadin filin ajiye motoci ya yi, aikin da ba ya buƙatar komai sai kujera da haƙuri. A kan kujerar nan ya karance littattafan kaf, wasu sau uku-uku, har ta kai duk wanda ya yi masa murmushi sai ya fara tunanin inda mutumin ya binne gawar.

Ɗakin da ya ce kada a taɓa ya tarar an mai da shi sito, don haka ya ja akwatinsa zuwa gidan Gwaggo, ƙanwar mahaifinsa. Abokan da ya bari duk sun yi aure sun ajiye tumbi. Duk wanda ya kira sai ya ce, "Kai, ka dawo? Za mu zauna, za mu zauna." Ba a zauna ba. Ya fita titi, shagunan da ya sani duk sun koma na sayar da waya. Ya dawo falo ya zauna, ya tashi, ya buɗe firij ya rufe, ya sake zama. Cikin sati biyu ya san adadin tayil ɗin gidan har da na banɗaki.

Abu ɗaya ne ya tsone masa ido, motar marigayi mijin Gwaggo. Tana tsakar gida lulluɓe da tamfol, an ɗaure ta tamau da igiya, mukullinta kuwa yana rataye a wuyan Gwaggo ko wanka za ta shiga.

"Gwaggo, motar nan fa ruɓewa take yi a tsaye."

"Kai ma a tsaye kake ruɓewa, ka ga na ba da kai aro?"

"Zagaye ɗaya kawai. In ɗan ɗumama mata jiki."

"Je ka ɗumama ruwan shayi."

Ita Gwaggo 'ya'yanta duk sun watse gidajensu, sai ta mai da renonta kan wata shukar wardi da ke bayan kicin. Shekara uku da suka wuce ta sayo ta wurin wani mai renon furanni, irin mai tsadar gaske, har yau dangi suna mamakin inda ta samo abin sayen. Auta take kiranta. Auta ake fara gaisarwa da safe, Auta ake tambaya ko ta sha ruwa. Shi da ya shekara tara ba a gan shi ba, "sannu da zuwa" ɗaya ya samu. Auta kuwa in ta fid da sabon ganye har waya ake bugawa a sanar da dangi.

Dalili kuwa gasar furanni ce da ake yi duk shekara a babban ɗakin taro na unguwa. Kofi ake bayarwa, wani ɗan kofi da ko shayin mutum biyu ba zai ci ba, amma a kansa dattawan unguwar suke daina zuwa wa juna barka. Shekara bakwai Gwaggo tana zuwa ta biyu. Shekara bakwai kofin yana tafiya gidan da katanga ɗaya ce ta raba su, gidan Mai Kemis, wani dattijo da ya rufe shagon maganinsa ya koma kiwon fure. Kullum sai sun gaisa ta kan katangar, kowa murya kamar zuma.

"Maƙwabciya, ya jikin yarinyar?"

"Ƙalau take, Malam. Ya naka 'yan asibitin?"

Bana Auta ta fid da wani ƙaton kai, a dunƙule kamar hannun jariri, jan ya fara leƙowa. Gwaggo ta rantse wannan karon sai kofin ya tsallako katanga. Tana da dabarunta da ba ta gaya wa kowa, balle shi, da ta ce bakinsa ba shi da murfi. Da asuba take shiga lambun ita kaɗai ta yi abin da za ta yi, ƙarfe tara ta fita taron shirya gasa. Shi kuwa agogon jikinsa yana can ƙasar da ya baro, ba ya motsi sai goma. Auta ce kaɗai ke ganin su duka biyun, ita kuma ba ta magana.

Ga shi babbar 'yar Gwaggo ta ja masa kunne a waya: "Ka san tana da hawan jini. Duk abin da zai ɗaga mata hankali, ka tare shi kafin ya iso kunnenta."

Saura kwana uku gasa, gogan ya fito da kofin shayi yana hamma, ya zagaya bayan kicin don rashin abin yi. Sai ya ja ya tsaya. A gindin Auta ga ƙananan kawunan fure guda huɗu a ƙasa, waɗanda ba su kai ga buɗewa ba. Babban ne kaɗai ya saura a sama, tsaye kamar maraya.

Ya ajiye shayin. Ya koma ɗaki ya sako kwat. Ya dawo ya durƙusa.

"Ba akuya ba ce," ya ce wa kansa. "Akuya ba ta da tsafta haka. Wannan yankan almakashi ne. Yara huɗu a safiya ɗaya."

Wani daɗi ya ratsa shi tun daga tafin ƙafa, irin wanda rabonsa da ji tun saukarsa daga jirgi. Ya sa kai ɗaya a ambulan ya rubuta "Hujja ta ɗaya." Sai ya tuna jinin Gwaggo. In ta ga wannan ɓarnar ai sai asibiti. Ya ɗauko salatif, ya mai da sauran ukun jikin uwarsu, ya naɗe su tsaf. Ɗaya ma a juye ya manna shi, amma daga nesa ba laifi.

Da rana Gwaggo ta dawo, ta leƙa lambu, ta shigo falo fuska a murtuke. Ta zauna ko mayafi ba ta cire ba.

"Ɗan nan, ana taɓa mini Auta."

"Na sani, Gwaggo."

"Ka gani?"

"Da idona. Kada ki ce komai, jininki."

"Wulaƙanci ne fa. So ake a nuna mini an san abin da nake ciki. Ka ga yadda aka bi aka..."

"Kada ki maimaita, Gwaggo. Maimaitawa ke tayar da jini. Ki bar mini. Wannan aikina ne, shekara tara ina karantarsa."

"Ba gadi aka ce ka yi ba?"

"Reshensa ne."

Gwaggo ta bar masa aikin. Ba don ta yarda da shi ba, sai don ba wani namijin a gidan. Ta kama mukullin da ke wuyanta ta jijjiga.

"To ji nan. Duk wanda ya kamo mini mai wannan aikin, mukullin nan nasa ne. Shi kuwa mai yi, tiyon ban ruwa zan ninka biyu in zane shi a gaban jama'a, ko da furfurarsa ta kai gwiwa."

Gogan ya zaro ɗan littafinsa. Ya rubuta alkawarin kalma-kalma, na ɗaya mukulli, na biyu tiyo. Ya miƙa mata biro.

"Sa hannu, Gwaggo. Ƙa'idar aiki ce."

Ta sa.

Washegari ƙarfe goma ya fito, kwat tun daga ɗaki. Ya tarar an ɓamɓare salatif ɗinsa an yar, an kuma kifa wa Auta wata hular takarda a ka, ba a ganin fuskarta ko kaɗan.

"Jiya yara, yau uwa. An toshe mata numfashi."

Ya fizge hular, ya yi wa Auta fifita da littafinsa, ya bar ta ta sha rana son ranta. Sannan ya warware takardar. Jakar zuba magani ce, ga tambarin tsohon shagon Mai Kemis ɓaro-ɓaro a jiki. Bai tsaya tunanin cewa shekara ashirin Gwaggo a shagon take sayen maganin hawan jini, kuma ba ta taɓa yar da ko jaka ɗaya ba. Irin wannan tunanin ɓata bincike yake yi.

Ya jawo bokiti ya kifa, ya hau, ya leƙa ta katanga. Mai Kemis na tsugune yana yi wa furanninsa feshi.

"Baba, barka da aiki. 'Yan tambayoyi ne."

"A'a, baƙonmu na waje. Bismillah."

"Ina kake yau tsakanin asuba da ƙarfe goma?"

"A gidana."

"Wa zai ba da shaida?"

"Gidan."

"Kana da almakashi?"

"Shida."

Ya rubuta: Ya amsa da bakinsa. Shida.

"Me kake ji game da Auta?"

Mai Kemis ya ajiye abin feshin, ya yi ajiyar zuciya. "Gaskiya furen nan yana hana ni barci. Ban taɓa ganin irinsa ba."

Ya rubuta: Ba ya barci. Ya ja layi biyu a ƙasa.

Dattijon ya ɗaga gilashinsa ya ƙare masa kallo, tun daga kwalar kwat har zuwa gumin da ke ɗiga ta haɓarsa.

"Yaro, shekara talatin ina sayar da magani. Na san zazzaɓi in na gan shi, na kuma san abin da ya fi zazzaɓi. Kakan ji ana yi maka magana a kunne in ba kowa?"

"Ni ke tambaya, Baba."

"To ka riƙa shan ruwa da yawa."

A nan bokitin ya gaji ya lotse, zaman bincike ya tashi.

Rana ta uku abin ya ƙazanta. Zaren ulu ya tarar an naɗa wa babban kan, zagaye biyu, an ƙulle. Shaƙewa ƙiri-ƙiri. Ya kwance zaren ya sa a ambulan, sannan ya sa yatsa ya ɗan buɗa mata baki don iska ta shiga. Da ya duba ƙasa kuma sai ga sawun takalmi a jiƙaƙƙiyar ƙasar, birjik, har da na jiya da shekaranjiya. Ya kwanta rub da ciki ya auna da biro. Ya cire takalminsa ya ɗora a kan sawun don ya ƙiyasta girman ƙafar. Takalmin ya zauna cif, har zanen ƙasan iri ɗaya.

Ya girgiza kai.

"Mugun har irin takalmina ya saya don ya ɓad da sawu."

Gwaggo da ta dawo ta ga babu zare, ga bakin fure a wangale, har zama ta yi a dandaryar ƙasa.

"Kai wai gadin me kake yi? Kullum sai an shigo."

"Mutumin ƙwararre ne, Gwaggo. Ya san lokacin da ba kowa."

"Ni dai lafiya lau nake barinta in fita."

"Ni ma lafiya lau nake barinta."

Kowa ya shiga jinjina mugunta irin ta ɗan Adam.

Ya ƙudura gobe da asuba zai yi wa mutumin kwanto a bayan tankin ruwa. Ya saita ƙararrawar waya har uku. Ya kashe su duka ukun cikin barci, da ƙwarewar wanda ya shekara tara yana gadi.

Ranar gasa ya farka goma da kwata. Gidan tsit, Gwaggo ta tafi ɗakin taro tun da wuri shirya teburinta. Ya ruga bayan kicin da takalmi ƙafa ɗaya.

Babu Auta. Wato shukar tana nan, amma kan babu. An datse shi da dogon wuya, yanka ɗaya, a karkace.

Gogan ya kai hannu zai cire hula, ya tuna bai sa ba. Ya duba kwata, ya leƙa ƙarƙashin mota, ya zazzage kwandon shara. Ba gawa. Duk littattafan da ya karanta kuwa ba a taɓa rufe magana ba gawa ba. Ya gaji, maƙogwaro ya bushe, ya shiga kicin ya buɗe firij zai ɗauki ruwa.

Ga ta nan. A can ƙasa, bayan gwangwanin madara, tsaye cikin kwalbar ruwa, an lulluɓe ta da leda. Sanyi ƙarara. An ma sake naɗa mata zaren.

Ya ja da baya ya dafa bango.

"Har cikin gida. Ya kashe ta, ya mai da kicin ɗinmu mutuware."

Ya sunsuna ta. Akwai sauran ƙamshi, mai ƙamshi kuwa bai gama mutuwa ba. A ƙasar da ya zauna ya ga yadda ake ceto wanda sanyi ya kama, don haka bai ɓata lokaci ba. Ya yage ledar, ya kwance zaren, ya zubar da ruwan sanyin ya tsiyaya mata mai ɗumi daga filas. Ya kai ta tsakar gida ya ɗora a gaban mota, kan tamfol, inda rana ta fi duka. Da kwalbar ta sauka ƙarfen ya ba da wani amo, ƙwam, kamar an daki duron da ba ruwa. Ya shafa motar cike da ƙauna.

"Motar da ke nan. Ko muryarta daban."

Ba a yi awa ɗaya ba Auta ta fara buɗewa. Ta buɗe, ta ƙara buɗewa, ta baje kamar faranti, har cikinta mai rawaya ya fito fili. Gogan har da ƙwalla.

"Ta farfaɗo."

Ya kwashi ambulan ɗinsa uku, ya zura kwat, ya fita ya tare mai babur. Ya hau baya ya ɗaga Auta sama da hannu ɗaya don ta sha iska.

"Malam, taka. Rai ne a hannuna."

Mai babur ya taka. A kwanar farko wani jan abu ya wuce ta gefen kunnensa. A ta biyu guda uku suka bi iska, ɗaya ya manne a gilashin motar da ke bayansu. Ya sauko da hannu ya duba. Falle-fallen Auta sun ragu da rabi.

"Guba," ya ce. "Mai ci a hankali. Wa ya san guba in ba mai kemis ba?"

"Cewa ka yi in tsaya?"

"Cewa na yi ka ƙara wuta."

A daidai nan gogan ya hango Gwaggo cikin tasi ta nufi gida, rungume da wani kwali da aka huhhuda wa murfi, fuskarta fal annuri. Ya yi maza ya cusa Auta cikin kwat ya danne da hammata, kada ta gani jininta ya hau.

Ɗakin taron ya cika. Tebura jere da fararen ƙyallaye, kowane fure a kwalbarsa da 'yar lamba a gaba. Dattawa suna zagayawa hannu a baya, kowa na yaba na wani da baki yana kushe shi da hanci. Alƙaliyar gasa, wata tsohuwar malamar aikin gona mai gilashi a karan hanci, tana bi da rula tana aunawa. Mai Kemis na tsaye kusa da nasa furen cikin sabuwar hula. Teburin Gwaggo ne kaɗai kwalba ba fure.

Gogan ya laɓe bayan wata ƙatuwar tukunyar ganye yana nazarin fuskoki. Duk ɗakin bai ga fuskar marar laifi ba ko ɗaya. Bai daɗe ba Gwaggo ta faɗo, mayafi a hannu, kwalin wayam. Ba ta tsaya ko'ina ba sai gaban Mai Kemis.

"Ina 'yata?"

"Maƙwabciya, lafiya?"

"Shekara bakwai ina haƙuri. Ka taɓa ta na yi shiru, ka sake na yi shiru. Yau har cikin kicin ɗina?"

Lokacin da ya shekara tara yana jira ke nan. Ya fito daga bayan ganye, ya haye dandamali, ya karɓe makirfo daga hannun mai sanarwa.

"Kowa ya tsaya inda yake. A rufe ƙofa. Mai laifin yana cikin ɗakin nan."

Ba wanda ya rufe ƙofar, amma an tsaya, don an daɗe ba a ga mutum cikin irin wannan kwat da tsakar rana ba.

"Jama'a, kwana uku ke nan ana neman ran furen Gwaggona. Ranar farko aka yanke mata ƙananan kawuna huɗu." Ya ɗaga ambulan. "Ni na mai da su da salatif."

Wani tsoho a gaba ya cire gilashinsa ya goge ya mayar.

"Rana ta biyu aka kifa mata wannan a ka don numfashinta ya ɗauke. Ku dubi tambarin da kyau. Ni na cire, na ba ta rana. Rana ta uku aka shaƙe ta da zare. Ni na kwance, na buɗa mata baki da wannan yatsan."

Ɗakin ya yi shirun da har fukafukan zumar da ta biyo furanni ana ji. Gogan ya ɗauka shirun girmamawa ne. Ya ƙara murya.

"Yau kuma aka datse ta aka jefa a firij. Da ban je shan ruwa ba da yanzu wani zancen ake yi. Na ba ta ruwan ɗumi, na shanya ta a rana awa guda, na kawo ta a babur tana shan iska. To wa ke da almakashi shida? Wa ke da tambarin nan? Wa ya faɗa da bakinsa cewa ba ya barci?" Ya juya a hankali, yadda ake yi a babin ƙarshe, ya miƙe yatsa. "Baba Mai Kemis, kai ne."

Mai Kemis ya dubi yatsan, ya dubi Alƙaliya.

"Na dai gaya masa ya riƙa shan ruwa."

Alƙaliya ta hau dandamalin ba gaggawa. Ta miƙa hannu, ya ba ta makirfon kamar ɗalibin da aka kama da waya a aji.

"Masu gasa, tambaya gare ni. Wanda ya cire wa furensa ƙananan kawuna a satin nan, don ƙarfin ya tafi ga babban, ya ɗaga hannu."

Hannaye suka tashi ko'ina. Na Gwaggo ma ya tashi, a hankali, idonta a kan ɗan wanta.

"Wanda ya sa masa hular takarda don kada rana ta ƙone masa launi."

Ba wanda ya sauke.

"Wanda ya ɗaure shi da ulu don kada ya buɗe kafin lokaci. Wanda ya yanke shi da asubar yau ya sa a firij don ya iso nan da ƙuruciyarsa."

Hannaye suna nan a sama kamar an shuka su. Gwaggo ta waiga hagu da dama, ta ga ashe sirrin nata na kowa ne, amma ba wannan ne a gabanta ba yanzu.

"Madalla, ku sauke. To wanda ya taɓa manna fure da salatif."

Hannu ɗaya ne ya tashi a duk ɗakin, shi ma iya kafaɗa ya tsaya.

"Ina furen yake, ɗana?"

Ya buɗe kwat. Ya zaro wani koren tsinke, a lanƙwashe, jiƙe da gumi. Falle ɗaya ya rage a kansa. Ya ɗora a tebur cikin ladabi. Fallen ya ɗan yi shawara, shi ma ya sauka.

Mai Kemis ya cire sabuwar hularsa ya riƙe a ƙirji.

"Allah ya ba ki haƙuri, maƙwabciya. Tsakani da Allah, yadda na hango yarinyar nan ta katanga, da ta iso nan lafiya ko kusa da kofin ba zan je ba."

Wannan ta'aziyyar ce ta ƙarasa Gwaggo. Ba ta yi kuka ba. Jinin da ake ta lallaɓawa ma bai hau ba, zama ya yi daram. Ta juya wurin mai kula da ɗakin taron.

"Bawan Allah, da me kuke ba furannin nan ruwa?"

"Da tiyo, Inna."

"Ara mini."

Kafin a kawo, gogan ya buɗe littafinsa ya bi aikin tun daga farko. Wa ke wurin kullum ƙarfe goma? Wa ya san lokacin da ba kowa a gida? Takalmin wa ya hau sawun cif? A jikin wa aka samu gawar? Gaskiya binciken ya yi kyau, ba inda ya ɓalle. Ya gyara kwala, ya matsa kusa da makirfo.

"Jama'a, bincike ya kammala. An samu ɗan gyara a wajen sunan mai laifi, amma dai an kama shi, kuma ni na kama shi."

Gwaggo ta ninka tiyo biyu ta gwada shi a iska. Ya ba da sauti mai kyau. Jama'a suka ja kujeru baya suka buɗa fili, Alƙaliya ta kwashe kwalaben da ke kusa.

Ya buɗe shafin alkawari ya ɗaga sama. Yana ja da baya, yana auna tazarar da ke tsakaninsa da ƙofa, da wadda ke tsakanin ƙofa da motar da ke jiransa a gida.

"Gwaggo, a bi tsari. Ga sa hannunki nan. Na ɗaya mukulli, na biyu tiyo. Ki fara miƙo mukullin, in ya so ki zane mai laifin in kin cim masa."

Gwaggo ta dubi shafin. Ta dubi Alƙaliya, Alƙaliya ta leƙa ta saman gilashi ta gyaɗa kai. Sai ta cire igiyar daga wuyanta, ta ɗora masa mukullin a tafin hannu, har da rufe masa yatsu a kai.

"Ungo, ɗan nan, halalinka ne. Ruga ka tayar, ina nan tafe a hankali. Injin dai shi na sayar na sayo Auta."